Ƙaramin dogon da ya yi dakon gadojin zamanin Turawa

A firamaren da na yi, ƙararrawarmu wani guntun ƙarfen dogo ne da aka huda aka rataye da waya a reshen darbejiya. Monita ya ɗauko ƙatuwar ƙusa ya kwaɗa masa sau uku, sai ka ga yara sun watso daga azuzuwa kamar an buɗe akurki. Sai da na girma na tsaya a bakin titin jirgin Kano zuwa Legas, sannan na lura ƙarfen da jirgi ke bi ya ninka na makarantarmu kauri nesa ba kusa ba. Namu siriri ne, yara biyu sa ɗaga shi ba tare da nishi ba. Ashe dogo iri-iri ne. Akwai wanda ake shimfiɗawa don ya zauna shekara da shekaru, akwai kuma wanda tun ran da aka sauke shi daga jirgin ruwa an san kwanansa a wuri ɗaya ƙidayayye ne. A kan wannan na biyun za mu yi magana, musamman a inda ya fi amfani, wato bakin kogi, lokacin da Turawan mulkin mallaka ke gina gadoji.

Wanda ya tsaya a kan tsohuwar gadar Makurɗi ya dubi ƙarafunanta da manyan ƙafafunta, tunaninsa kan tafi ga injiniyoyi da zane-zanensu. Sun yi aiki, babu musu. Amma mafi yawan aikin gada dako ne. Dutse, tsakuwa, yashi, siminti da a lokacin a ganga yake zuwa daga Turai, katako, kwal na injuna, sannan ƙarfen gadar kansa, duk sai an kwashe su daga inda aka sauke su an kai su tsakiyar ruwa. Ga kuma ƙasar da ake haƙowa daga gindin kogi, ita ma sai an fitar da ita. A farkon ƙarni na 20 babu tifa, babu katafila, babu ma hanyar motar da za su bi. Jaki da takarkari kuwa ba sa daɗewa a bakin manyan kogunan nan, domin tsando na nan yana jiransu da sammore. Abin da ya rage biyu ne: kan ɗan Adam, ko taya a kan ƙarfe.

Kafin a gane dalilin da ya sa Turawa suka riƙa ɗawainiyar kawo dogo don aikin da bai wuce shekara biyu ko uku ba, sai an fara gane cewa kogi ne ke riƙe da agogo, ba gwamna ba. Binuwai yakan fara tasowa da faɗuwar damina, ya cika ya batse wajen Satumba da Oktoba, sannan ya riƙa ja da baya har a Maris da Afrilu yashi ya fito fili a tsakiyarsa. Ƙafar gada kuma a gindin kogi ake kafa ta. Saboda haka shekarar magini ba wata goma sha biyu ba ce, 'yan watannin rani ne kawai, kuma duk ƙafar da ba ta ɗago sama da inda ruwa ke kaiwa ba kafin damina, to sai wata shekara, in ma ruwan bai tafi da abin da aka fara ba. A Jebba lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin kogin Kwara cika biyu yake yi. Akwai farin ruwa mai laka na daminar gida, akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana tacewa, sai cikin sanyin hunturu ya iso. Mutanen Yamai da Gaya da Yawuri sun san shi sarai. Lokacin da wani kogin ke ba magini sarari, Kwara tana sake tasowa.

Wannan tsoro na damina har ya taɓa sa Ingila jin kunya. A 1899, bayan yaƙin Omdurman, ana son gada a kan kogin Atbara na Sudan don jirgi ya zarce Khartoum. Atbara da rani kusan ƙafewa yake yi, da damina kuma ya zo da hauka. Kamfanonin Ingila suka ba da wa'adi mai tsawo, sai aka ba wani kamfanin Amurka na Philadelphia, mai suna Pencoyd, kwangilar ƙarafan, don kawai shi ne zai iya kawowa da wuri. Jaridun Landan suka yi ta surutu, amma a watan Agusta na shekarar Kitchener, kwamandan da ya ci yaƙin Omdurman, ya buɗe gada. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ganin injiniya yana ƙirga kwanaki kamar mai jiran albashi ba.

Yanzu ga lissafin. Kayan ɗan dako a tsarin Turawa laba 60 ne, wajen kilo 27. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin da ake zuba dakin bene ya ga yadda abin yake: layin samari, kowa da kwanon sarki a ka da gammo, wannan na hawa wancan na sauka, gumi na haɗuwa da ƙurar siminti. Tun safe har la'asar, a ƙarshe ɗaki nawa aka rufe? To ƙaramar kurar ƙarfe guda, irin mai taya huɗu da ke bin siririn dogo, tana cin tan ɗaya ko fiye na yashi. Wato kai kusan arba'in ke nan, kuma mutum biyu ne ke tura ta. Sirrin ba wani abu ba ne illa tayar ƙarfe a kan ƙarfe ba ta nutsewa, ba ta kuma cijewa. Idan layi ya daidaita, an sa wa ƙafafun giris, ƙarfin da tan guda ke buƙata kafin ya gangara bai fi na ɗaga kilo goma ba. Gwada tura baro mai buhun siminti huɗu a cikin rairayin bakin kogi, ka ji bambanci.

Sai dai dogo na da abokin gaba, shi ne hawa. In ƙasa ta tashi mita ɗaya a cikin kowace mita hamsin, abin da ido ma ba ya cika gani, to an ƙara wa masu turi nauyin kilo ashirin a kan kowane tan. Aikinsu ya ninka uku ke nan. Shi ya sa mai tsara wurin aiki yakan yi ƙoƙari kura mai kaya ta bi gangara, wadda babu komai ta hau tudu. A nan kogi ya yi wa magini adalci, tunda shi ne a ƙasa, dutse da ma'ajiya suna sama. Amma alherin nan da wutsiya ya zo, domin kurar da ta ƙwace a gangara da tan guda na dutse ba ta da linzami. Za mu dawo kan wannan.

Asalin irin wannan dogo ba a wurin gada yake ba, a gona yake. A 1875 wani manomi Bafaranshe mai suna Paul Decauville ya noma wani irin gwoza da ake yin sukari da shi a gonarsu ta Petit-Bourg, kudu da Paris. Ruwa ya yi yawa, gona ta zama taɓo, keken doki ya kasa shiga, ga amfani dubban tan yana neman ruɓewa. Sai ya ƙera gajerun ƙarafa bibbiyu, ya haɗe su da ƙarfen gindaya, suka zama kamar tsani a kwance. Mutum ɗaya ko biyu su ɗauka su ajiye, su jona da na gaba, a kwashe amfanin wannan gefe, a ɗage a koma wancan. Faɗin farko, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu, santimita 40 ne, daga baya aka yi na 50 da na 60, kuma na 60 ɗin ne ya zagaye duniya. Har sunan mutumin ya zama sunan abin, a ƙasashen da Faransa ta mallaka duk siririn dogo Decauville ake ce masa, ko wa ya ƙera shi. Ingilishi suna da nasu, irin na kamfanin Robert Hudson na Leeds, mai faɗin ƙafa biyu, Jamusawa kuma suna da Orenstein da Koppel.

Kayan ba su da yawa, kuma sauƙinsu ne ƙarfinsu. Ƙarfen yakan yi kilo bakwai zuwa tara a kowace mita, alhali na babban layi ya haura kilo ashirin. Kurar kanta kwano ce mai faɗin baki da tsukakken gindi, a zaune kan wani abu kamar sirdi, in an zare sakata sai ta kife gefe ta zubar da kaya ta dawo. Akwai mai shimfiɗaɗɗen baya don dutse da katako. Inda wuri ya yi ƙunci babu halin kwana, sai a ajiye faifan ƙarfe mai juyawa, a tura kura ta hau, a juya ta da hannu ta fuskanci wani layin. Ba a buƙatar zuba tsakuwa ko gina magudana. A share ƙasa, a shimfiɗa, in ya karkace a cusa dutse ko guntun itace a ƙarƙashi. In tafiyar ta yi nisa ko kayan sun yi yawa, sai a kawo ɗan ƙaramin kan jirgi mai tururi ya ja kura goma ko ashirin a jere.

A wurin gina babbar gada, in ka hau tudu ka duba, layukan nan kamar saƙar gizo suke. Ɗaya ya taso daga inda jirgin ruwa ko babban jirgin ƙasa ke sauke kaya ya nufi ma'ajiya. Wani ya fito daga wurin fasa dutse zuwa inda ake kwaɓa kankare. Mafi haɗari shi ne wanda ke shiga cikin kogin kansa. Da rani akan shimfiɗa shi kan yashin da ruwa ya bari, inda kuma ruwa bai ƙafe ba sai a kafa turakun katako a yi kadarko, a ɗora dogo a kai har zuwa inda ake haƙa ƙafa. A manyan gadoji na wancan zamani, ƙafar kan fara ne da wata ƙatuwar rijiyar ƙarfe marar gindi da ake nutsarwa. Mutane na ciki suna haƙa, wani lokaci a cikin iskar da aka matsa da inji don ta hana ruwa shigowa, rijiyar na sauka a hankali har ta taɓa dutse ko ƙasa mai ƙarfi, sannan a cika ta da kankare. Kankare kuwa in an fara zubawa ba ya son a tsaya. Saboda haka kura sai ta riƙa zuwa a kan kari, ɗaya na juyewa ɗaya na bayanta. Da zarar an ga alamun ruwa ya fara tasowa, sai a kwance layin cikin kogi a kwashe shi zuwa tudu. Abin da ba a kwashe ba, kogi ya karɓi zakkarsa.

Akwai kuma wata dabara da ake yawan rikita ta da wannan, ko da yake 'yar uwarsa ce. Masu shimfiɗa babban layi ba sa tsayawa jiran gada. In sun iso kogi da rani, sai su karkatar da layin ya gangara cikin kwari, ya haye kan gajeriyar gadar katako, ya hau ɗaya gaɓar, su yi gaba abinsu. A baya ake barin wasu su gina gadar dindindin. Wurin da ya fi nuna duka biyun a fili shi ne Tsavo, a ƙasar Kenya ta yau.

An fara layin Uganda daga Mombasa a 1896, da leburori da magina da aka kwaso daga Indiya, waɗanda jimillarsu ta kai wajen 32,000 kafin layin ya isa bakin tafkin Victoria a ƙarshen 1901. Kan layi ya haye kogin Tsavo a kan gadar wucin gadi ya wuce. A watan Maris na 1898 aka turo wani injiniya soja, John Henry Patterson, ya gina ta dindindin. Duniya ta san wurin ne saboda zakoki biyu da suka riƙa shiga sansani da dare suna ɗauke mutane, har a farkon Disamba ma'aikata suka tsere aiki ya tsaya cik na kusan mako uku, sai da aka harbe su duka a cikin watan. Fatunsu na wani gidan tarihi a Chicago har yau. Amma matsalar da ta fara ci wa Patterson tuwo a ƙwarya dutse ce. Wanda ke kusa da wurin gadar ya yi tauri, ba ya sassaƙuwa. Da aka sami mai kyau a wani kwazazzabo can nesa, sai aka shimfiɗa masa siririn layi, layin kuma dole ya haye kogin sau biyu a kan kadarkon gungume. A kan waɗannan ne aka riƙa turo kura da manyan duwatsu, itace na lanƙwasa a ƙarƙashinsu. Injin ɗaga kaya babu, sai aka ɗauki ƙarafan dogo biyu aka haɗe kawunansu da ƙusa, aka buɗe ƙafafunsu, aka rataya igiya da kwarkwaro a tsakiya, da haka aka ɗora dutse kan dutse. An gama gadar a Fabrairun 1899. Bayan haka ambaliya ta zo ta yi awon gaba da kadarkon nan biyu, ta bar gadar dutse a tsaye. A wurin injiniya wannan ba asara ba ce, sun riga sun ci kuɗinsu.

Inda ƙasa ta hana dogo sam, sai a rataye shi a sama. Gadar Zambezi da ke ƙasan magangarar ruwan Victoria tana kan wani kwazazzabo da zurfinsa ya haura mita ɗari, babu maganar kafa turaku. Ƙarfen an ƙera shi a Darlington ta Ingila a masana'antar kamfanin Cleveland, aka kawo shi Beira ta ruwa, jirgin ƙasa ya kawo shi gaɓar kudu a 1904. Gadar baka ce, dole a gina ta daga gefe biyu su haɗu a tsakiya, don haka rabin ƙarfen sai ya tsallaka. Aka harba roka ɗauke da siririn zare, zare ya jawo waya, waya ta jawo igiyar ƙarfe mai kauri. A kan igiyar aka ɗora wata kura mai aiki da lantarki da ke ɗaukar tan goma, suka sa mata suna Blondin, sunan wani Bafaranshe mai wasan tafiya kan igiya da ya taɓa haye Niagara. Ba ƙarfen gada kaɗai ta tsallakar ba, har da dogo da wani ƙaramin kan jirgi da aka kwance gunduwa-gunduwa, ta yadda aka ci gaba da shimfiɗa layi a arewacin kogin tun gada ba ta haɗu ba. Bakan ya haɗu ran 1 ga Afrilu 1905, aka buɗe gadar a Satumba.

Mu a Arewa, jirgin ƙasa na farko da ya taɓa yin kuka a yankinmu ɗan wucin gadi ne, kuma kogi ne ya haife shi. Da Gwamna Lugga ya zaɓi Zungeru ta zama hedikwata a maimakon Jebba, kayan gini ta kogin Kaduna suke zuwa, jiragen ruwa kuma ba sa iya kaiwa Zungeru saboda duwatsu. Sai aka shimfiɗa siririn layi mai faɗin ƙafa biyu da rabi daga Wushishi, tafiyar mil 12, aka fara aiki da shi a Disamban 1901. Ba a daɗe ba aka ga Wushishi ma in ruwa ya ja ba ta isuwa, sai a 1902 aka ƙara layin zuwa Barijuko, ya zama wajen mil 22. Kogi ya ja baya, dogo ya bi shi. Haka abin yake a kullum.

Babban layin Baro zuwa Kano, da aka fara a 1907 zamanin Gwamna Girouard, wanda shi ma a shimfiɗa dogon hamadar Sudan ya yi suna, a kan wannan agogon na ruwa ya rayu. Manyan jirage ba sa isa Baro sai ruwa ya cika, don haka ƙarfen da za a yi aikin rani da shi sai an tara shi cikin 'yan makonnin cikar kogi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dogo ya isa Kano a 1911. Shi kuma layin Legas ya iso Jebba tun 1909 ya tarar da Kwara ta rabu biyu da tsibiri a tsakiya. Shekaru aka yi ana tsallakar da taragu a jirgin fito mai dogo a bayansa, sai a 1916 aka buɗe gadar da ta kammala haɗin. A Makurɗi ma haka aka yi. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya iso Binuwai a 1924, ya haɗu da na Kaduna ta Kafanchan a 1927, amma fito aka ci gaba da yi har 1932, lokacin da Gwamna Donald Cameron ya buɗe gadar da kamfanin Sir William Arrol na Glasgow ya gina, mai tsawon kusan rabin mil, a kan kuɗi wajen fam miliyan ɗaya. Fiton jirgin ƙasa shi ma aikin dogon wucin gadi ne, domin bakin ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Gangaren da tarago ke bi ya shiga jirgin ruwa sai an riƙa daidaita shi da hawa da saukar kogi.

A nan ne nake da ja da masu cewa wannan fasaha ta sauƙaƙa wa lebura. Ta sauƙaƙa wa aiki, wannan gaskiya ne. Lebura kuwa sauya masa wahala aka yi. Kura ba ta cika kanta, da shebur da kwanon sarki ake loda ta. Dutsen da za ta ɗauka da guduma ake fasa shi. Tunda kuma tana kwashe na mutum arba'in a tafiya ɗaya, sai masu lodi da masu fasawa su ne za su bi saurinta, heluma na tsaye a kansu. Yawancin kurayen nan ba su da birki. A gangara mutum kan ɗafe bayanta ya cusa sanda tsakanin taya da gangar jiki ya danna, in sanda ta karye sai ta Allah. Mahaɗar ƙarafa in ta ɗan goce, kura ta sauka daga layi, mutane su taru da gungume su ɗaga ta su mayar, a nan yatsu da ƙafafu ke tafiya. A kan kadarko kuwa babu gefen kaucewa, ruwa ne hagu da dama. Su kuma na cikin rijiyar ƙarfe, in an fito da su daga matsattsiyar iska da gaggawa, ciwon gaɓoɓi ke kama su, wani ya shanye, wani ya mutu.

Kuma su wane ne mutanen? A layin Baro zuwa Kano, akasari ba da son ransu suka zo ba. Bature ya faɗa wa sarki adadi, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida-gida. Nufawa da Gwarawa suka fara ɗanɗanawa, sannan mutanen Zazzau da Kano. Turawa sun yi wa abin suna mai daɗin ji a takarda, wai ƙwadagon siyasa, suna kuma alfahari da cewa ana biyan kowa kuɗinsa a hannu. Ana biya ɗin, amma da sulallan da za su dawo wa gwamnati a haraji. Talaka dai aikin dole ya san shi. A ɓangaren Faransa ma, madatsar Markala da ke kan Kwara a Mali, wadda gada ce kuma, da aka yi tsakanin 1934 da 1947, da gumin waɗanda aka ɗiba da sunan soja aka miƙa musu shebur aka gina ta. Rahotannin injiniyoyi sukan faɗi tan nawa na ƙarfe aka kawo da ƙafa nawa aka nutsar da rijiya. Masu turin kura adadi ne kawai a shafin albashi.

Abin da ya sa dogon nan ya ɓace daga tarihi ma yana da alaƙa da wannan. Ba a ƙaddamar da shi, ba a yanka masa kirtani, ba ya shiga taswira. A littafin ɗan kwangila yana layi ɗaya da shebur da guduma, kayan aiki ne. In an gama sai a kwance, a ƙirga, a sayar ko a tura wani wurin. Shi ya sa ƙarfe ɗaya kan yi rayuwa uku ko huɗu, daga gada zuwa mahaƙar ma'adinai, daga can zuwa gandun rake ko tashar jirgin ruwa, in ya tsufa ya zama azarar shago ko turken shinge, ko maƙeri ya saye shi ya mai da shi uwar maƙera.

Wani lokaci kuma na wucin gadin ne ke zama ya ƙi tafiya. A Sudan, an gama madatsar Sennar a kan Shuɗin Nilu a 1925, tsawonta ya haura kilomita uku, kuma ta kanta aka bi da layin jirgin Gadarif da Kassala. Nan kusa da ita ne garin Mai Wurno yake, inda mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna, zuriyarsu da sauran 'yan Afirka ta Yamma kuma suka zama ƙashin bayan aikin audugar Jazira. Siraran layukan da aka shimfiɗa a shekarun 1920 don haƙa magudanan ruwan Jazira ba a kwashe su ba. Aka ga ai ga abin dakon auduga zuwa injin gurza. Daga wajen kilomita 135 suka yi ta yaɗuwa har suka haura 700 a tsakiyar shekarun 1960.

Na Zungeru shi ƙaura ya yi. Da babban layi mai faɗin ƙafa uku da rabi ya iso garin, ɗan layin Barijuko ya zama ba shi da sauran aiki, ga kuma kamfanonin kuza a Jos suna kukan dako, domin da ka da jaki ake fito da kuzar. Sai aka kwashe kayansa aka kai Zariya, aka fara da su wani siririn layi mai irin faɗinsa, wanda aka kira ƙaramin layin Bauci ko da yake bai taɓa shiga garin Bauci ba. Ya isa Rahama a 1912, ya hau tsauni ya kai Jos da Bukuru a 1914, tafiyar mil 143. Shi ma da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja baya, amma ya lallaɓa har 1957 kafin a rufe shi. Wasu daga cikin ƙananan kawunan jirginsa suna nan a ajiye a harabar gidan tarihi na Jos, tsatsa na cin su a hankali, yara na hawa suna ɗaukar hoto.